Yadda Ake Kula da Shafukan Intanet da Yawa Daga Kwamfuta Guda

Gabatarwa

A duk makarantar da aka san malami ɗaya da iya sarrafa kwamfuta, ba a daɗewa nauyi ya taru a kansa. Yau a ce ya buɗe wa makaranta shafin intanet, gobe ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce ita ma tana son nata, jibi kuma shugabannin ƙungiyar manoma ta gari su aiko a roƙe shi. Kafin ya ankara yana riƙe da shafuka uku ko huɗu, kowanne da adireshinsa da kalmar sirrinsa da masu jiran ganin sabon labari a cikinsa. Idan a cikin birnin Kano yake zaune, abin da ɗan sauƙi. Idan kuwa a gari irin Toranke yake, wato ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ajingi, ko kuma a wani ƙauye na ƙasar Gaya, to yana fama da ƙarin matsaloli biyu da duk mazaunin karkara ya sani: sabis ɗin waya yakan zo yakan ɗauke, wutar lantarki kuma ba a yi mata alkawari.

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda mutum ɗaya zai iya kula da shafuka da dama ta amfani da manhajar da ake girkawa a cikin kwamfutarsa. Ƙa'idar da darasin ya ginu a kanta guda ce: a raba aikin rubutu da aikin aikawa. A yi rubutu da gyara a cikin kwamfuta ba tare da intanet ba, a haɗa ta da intanet na 'yan mintoci kawai a lokacin aikawa, sannan asalin aikin ya ci gaba da zama a hannun mai shi. Za mu duba dalilin da ya sa wannan hanya ta fi dacewa da wurarenmu, da ire-iren manhajojin da ake yin ta da su, da matakan aikin, da kuma haɗurran da ke cikinta.

A Ina Shafin Intanet Yake Zaune?

Shafin intanet tarin fayiloli ne, wato rubuce-rubuce da hotuna da umurnin yadda za a jera su, waɗanda aka ajiye a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Ita wannan kwamfuta ana kiranta uwar garke, kuma tana iya kasancewa a Legas ko a Jamus ko a Amurka. Mai shafi yana biyan wani kamfani kuɗin hayar wuri a cikinta, kamar yadda ɗan kasuwa yake biyan hayar rumfa. Irin wannan kamfani shi ake kira kamfanin masauki.

Ban da masauki, shafi yana buƙatar adireshi. A Nijeriya adireshin ƙasa yana ƙarewa da .ng, kuma ƙungiyar NiRA ce take kula da rajistarsa. An ware .edu.ng domin manyan makarantu, shi ya sa adireshin Jami'ar Bayero ya zama buk.edu.ng. An ware .sch.ng domin makarantun firamare da na sakandare, sannan .org.ng domin ƙungiyoyi. Shi ma adireshin haya ne, yawanci na shekara guda, kuma idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba shafin yakan daina buɗewa.

A lokacin da ɗalibi ya rubuta adireshi a cikin burauza, wato manhaja irin su Chrome ko Firefox, wayarsa tana aika roƙo zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan roƙon ya bi hanyoyin sadarwa har ya isa uwar garke, ita kuma ta aiko da kwafin fayilolin da aka nema. Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Tim Berners-Lee shi ya gabatar da wannan tsari a shekarar 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, kuma a 1991 aka buɗe shi ga jama'a. Shekara 10 bayan haka, a 2001, wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, wadda ta zama babbar hanyar da mutanen karkara suke samun intanet.

Abin lura a nan shi ne, shafin makarantar da ke Toranke ba a Toranke yake zaune ba. Duk gyaran da za a yi masa sai ya yi tafiya mai nisa, kuma mafi raunin wannan tafiya shi ne tazarar da ke tsakanin wayar malami da ƙarfen sabis.

Hanyoyi Biyu na Sanya Rubutu

Hanya ta farko, wadda aka fi sani, ita ce mutum ya buɗe burauza, ya shiga ɓangaren gudanarwa na shafin da sunansa da kalmar sirrinsa, ya yi rubutunsa a can. A wannan hanya allon rubutun kansa daga uwar garke ake aiko shi, kuma sau da yawa nauyinsa ya ninka nauyin rubutun da za a yi sau ɗaruruwa. Muddin mutum yana aiki, to yana dogare da sabis. Idan ya katse a daidai lokacin da aka danna maɓallin ajiyewa, aikin awa guda yana iya salwanta. Wasu tsare-tsaren suna ajiye kwafi na wucin gadi, amma ba kullum ake samunsa cikakke ba. Mai shafuka uku kuma sai ya maimaita duk wannan sau uku.

Hanya ta biyu ita ce a girka manhaja a cikin kwamfuta sau ɗaya, a shigar mata da bayanan dukkan shafukan. Allon rubutu yana cikin kwamfutar, daftarin da ake rubutawa ma a cikinta yake. Malami yana iya yin mako guda yana shirya labarai da hotuna ba tare da ya kashe ko kwabo a kan data ba. Ranar da ya sami sabis mai ƙarfi, ko ya shiga Gaya ko Wudil da kwamfutarsa, sai ya haɗa ta da wayarsa ya aika kowane rubutu zuwa shafin da aka nufa. Haka manomi yake yi: a gida yake sussuka da sheƙa da awo da ɗinke buhu, ranar kasuwa kuma ɗauka kawai ta rage.

Wannan dabara ta riga ta yi aiki a ƙasar Kano a wani fage dabam. A shekarun yaƙi da cutar shan inna, an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi da ke tattara bayanin wuraren da suka taka ko da babu sabis, sai bayan sun dawo a kwashe bayanan a aika. Wannan yana cikin dabarun da suka taimaka wajen gano ƙauyuka da rugage da ake tsallakewa. A watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Jihar Kano, a Ƙaramar Hukumar Sumaila, kuma a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i na cutar. Tara aiki a inda babu sabis da aika shi a inda akwai, shi ne ainihin abin da malaminmu zai yi da shafukansa.

Mu Yi Ɗan Lissafi

Domin mu gane inda data da lokaci suke tafiya, sai mun san ma'aunin bayanai. Mafi ƙanƙantar ma'auni shi ne bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Bit 8 su ne bait 1. Bait 1,000 su ne kilobait 1, sannan kilobait 1,000 su ne megabait 1. Harafin boko na yau da kullum bait 1 yake ci, haruffa masu lanƙwasa kuwa irin su ɓ da ɗ da ƙ bait 2 kowannensu yake ci.

Maƙala mai kalmomi 1,000 tana da haruffa wajen 6,000 idan aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, saboda haka nauyinta kusan kilobait 6 ne. Hoto guda da aka ɗauka da waya kuwa yana iya kai megabait 3, wato kilobait 3,000. Wannan yana nuna cewa hoto ɗaya ya kai nauyin irin waccan maƙala guda 500.

Yanzu mu ɗauka sabis ya yi rauni har saurin aikawa ya dawo bit 100,000 a daƙiƙa. Idan muka raba da 8 za mu sami bait 12,500, wato kilobait 12.5 a daƙiƙa. Maƙalar za ta tafi cikin rabin daƙiƙa. Hoton kuwa sai an raba 3,000 da 12.5, a sami daƙiƙa 240, wato minti 4. Hotuna 10 na bikin ba da kyaututtuka za su ci minti 40, kuma da wuya sabis mai rauni ya tsaya minti 40 bai katse ba.

Maganin wannan yana cikin kwamfuta. Hoton waya mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye yana da ɗigo miliyan 12, alhali kuwa mai kallo a waya ba ya buƙatar fiye da ɗigo 1,200 a faɗi da 900 a tsaye, wato ɗigo 1,080,000. Idan aka rage hoton zuwa wannan girma aka kuma matse shi, yana iya dawowa kilobait 150. A saurin da muka ɗauka, hoto ɗaya zai ci daƙiƙa 12, hotuna 10 kuma minti 2. Amfanin bai tsaya ga mai aikawa ba, domin duk mahaifin da ya buɗe shafin don ya ga hoton ɗansa, da kuɗinsa yake sauke wannan nauyi.

Ire-iren Manhajojin

Ana iya kasa waɗannan manhajoji kashi uku.

Kashi na farko su ne masu magana kai tsaye da tsarin da ke gudanar da shafi a uwar garke. Mafi shahara cikin irin waɗannan tsare-tsare shi ne WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma a ƙididdigar W3Techs ta 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi suke aiki. Ban da ƙofar da mutane suke shiga ta burauza, tsarin yana da wata ƙofa ta musamman domin manhajoji, inda manhaja take miƙa take da rubutu da hoto bisa wata yarjejeniya da ɓangarorin biyu suka sani. Tsohuwar yarjejeniyar ita ce XML-RPC, wadda ta samo asali a 1998, sannan a Disambar 2016 aka kammala shigar da sabuwa mai suna REST a cikin WordPress. Kamfanin Microsoft ya fitar da manhaja irin wannan mai suna Windows Live Writer a 2006, ta yi farin jini ƙwarai, amma ya daina tallafa mata a Janairun 2017. Tun a Disambar 2015 wasu masu sa kai suka ci gaba da ita da sunan Open Live Writer, sai dai sabunta ta ya yi jinkiri. Masu kwamfutar Apple kuma suna da MarsEdit, wadda saye ake yi. Wajibi ne a sani cewa wasu kamfanonin masauki suna rufe ƙofar XML-RPC saboda ɓarayin intanet sun sha gwada kalmomin sirri ta wajenta, don haka sai a tambaya kafin a zaɓi manhaja.

Kashi na biyu su ne masu gina shafin gaba ɗaya a cikin kwamfutar mai shi. Misali shi ne Publii, wadda kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Linux da kwamfutar Apple. A cikinta ana iya buɗe shafuka da yawa, a rubuta, a duba yadda za su fito, duk ba tare da intanet ba. Idan aka danna maɓallin aikawa, sai ta mai da komai ya zama gamammun fayiloli ta tura waɗanda suka canza zuwa uwar garke. Shafin da aka yi ta wannan hanya yana saurin buɗewa, kuma ƙofofin da ɓarawo zai nema a uwar garke kaɗan ne. Rauninsa shi ne asalin shafin yana cikin kwamfuta ɗaya, kuma yana da wuya mutane da yawa su riƙa rubutu a lokaci guda daga wurare dabam-dabam. Ga makarantar da malami ɗaya ne yake kula da komai, wannan kashi ya fi dacewa.

Kashi na uku su ne masu dakon fayiloli kawai. Ba su da allon rubutu. Aikinsu shi ne kwashe fayil daga kwamfuta zuwa uwar garke ko daga can zuwa nan. Sananniya a cikinsu ita ce FileZilla, wadda take da jerin da ake ajiye bayanan shafuka da yawa. Ya kamata ɗalibai su san cewa wani ɗalibi Bajamushe mai suna Tim Kosse da abokan karatunsa biyu ne suka fara ta a 2001 a matsayin aikin aji na darasin kwamfuta.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi wa kowace manhaja kafin a dogara da ita, domin wasu burauza ce kawai aka sanya wa riga, ba sa motsi sai da intanet. A katse intanet, a buɗe manhajar, a rubuta sakin layi guda, a sa hoto, a ajiye, a kashe kwamfutar, a sake kunnawa. Idan aikin yana nan, manhajar ta ci jarrabawa.

Matakan Aiki

1. A buɗe babbar folda guda, a cikinta a buɗe wa kowane shafi tasa: makaranta, tsofaffin ɗalibai, manoma. Kada hoton wannan ya shiga foldar wancan.

2. A shigar da kowane shafi a cikin manhaja da suna mai bayyana kansa. Idan manhajar ta ba da damar sa launi ko alama, a ba kowanne nasa.

3. A sa wa fayiloli suna da kwanan wata, a fara da shekara, sai wata, sai rana, misali 2025-03-14-taron-iyaye. Ta haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa tsarin lokaci. A sunan fayil kaɗai ya fi kyau a guji haruffa masu lanƙwasa da tazara.

4. A rubuta, a rage hotuna, a ba wani ya karanta. A makaranta, shugaban makaranta ko wanda ya wakilta ya ga rubutu kafin ya fita.

5. Idan an haɗa da intanet, a fara sauko da abin da ke uwar garke idan akwai wani mai gyara shafin, sannan a aika.

6. Bayan aikawa, a buɗe shafin a waya a duba shi da ido kamar yadda baƙo zai gan shi.

7. A rubuta ranar da wa'adin adireshi da na masaukin kowane shafi zai ƙare a cikin littafi, a kuma sanar da masu shafin wata guda kafin lokacin.

Haɗurran da Ke Cikin Wannan Hanya

Na farko shi ne taruwar makullai a wuri ɗaya. Kwamfutar da take riƙe da kalmomin sirri na shafuka huɗu, wanda ya sace ta ya sami ƙofa huɗu. Saboda haka dole ne ita kanta kwamfutar ta kasance da kalmar sirri, kuma kada a yi amfani da kalma ɗaya a shafuka biyu. Tun daga Disambar 2020 WordPress ya zo da kalmar sirri ta musamman domin manhajoji, mai haruffa 24, wadda ake iya soke ta ita kaɗai ba tare da an taɓa babbar kalmar ba. Idan kwamfuta ta ɓata, sai a shiga ta waya a soke. Wajen dakon fayiloli kuma a zaɓi hanyar SFTP, domin tsohuwar hanyar FTP, wadda ta samo asali tun 1971, tana aika kalmar sirri a fili ba tare da ɓoyewa ba. Har ila yau, ya kamata wani mutum na biyu mai amana ya san inda makullan suke. Malamin gwamnati ana iya yi masa canjin wurin aiki a kowane lokaci, kuma shafin makaranta mallakar makaranta ne.

Na biyu shi ne aikawa inda ba a nufa ba. Sauƙin da manhaja ta kawo shi ne kuma yake sa a danna sau ɗaya sakamakon jarrabawar ɗalibai ya bayyana a shafin manoma. Abin da ya fita a intanet kuwa kamar magana ce, ba ta komawa baki; ko an goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi cewa a inda ake buƙatar amincewa kafin a yi amfani da bayanan yaro, daga iyayensa ko mai kula da shi za a nema. Don haka sakamakon ɗalibi da lambar wayar iyayensa ba kayan shafi ba ne, hotonsa ma sai da izini. A mai da shi al'ada a karanta sunan shafi da babbar murya kafin a danna maɓallin aikawa.

Na uku shi ne saɓanin kwafi. A ɗauka malami ya sauko da wata sanarwa ranar Litinin. Ranar Talata sakataren ƙungiya ya shiga ta burauza ya gyara ranar taro. Ranar Laraba malami ya aika nasa kwafin, wanda ba ya ɗauke da gyaran, sai tsohuwar rana ta dawo, mutane su zo taro ranar da babu kowa. Maganinsa shi ne mataki na 5, tare da yarjejeniya a kan wanda yake da alhakin kowane rubutu.

Na huɗu ya shafi harshenmu. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta da haruffan Hausa, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro nau'o'in haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka sauƙaƙa buga littattafai da kundayen ɗalibai ƙwarai. Irin waɗannan haruffa aron wurin wasu alamomi suke yi, saboda haka idan aka kai rubutun inda babu su sai a ga }asa a maimakon ƙasa, da ]aya a maimakon ɗaya. Wayar mai karanta shafi ba ta da su. Abin da ake amfani da shi a intanet shi ne tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, tare da hanyar ajiyewa ta UTF-8. Idan aka ga ƙasa ta fito kamar Æ™asa, to an ajiye rubutun da UTF-8 ne amma an karanta bait biyun harafin ƙ a matsayin haruffa biyu na wani tsohon tsari, sai a gyara saitin. Kada a guje wa wahala ta hanyar yar da lanƙwasa, domin kafa dabam ƙafa dabam, haka nan baki da baƙi.

Na biyar shi ne hasarar asalin aiki. Ƙurar hunturu da zafin bazara da hawa da saukar wuta duk abokan gabar kwamfuta ne. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki a wani wuri dabam. Ga malaminmu, wannan yana nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a filashi da ke ofishin shugaban makaranta, da kwafi a ma'ajiyar intanet ko a wani gida. Bugu da ƙari, labarin Windows Live Writer ya nuna cewa manhaja ma tana mutuwa. A riƙa ajiye kwafin kowane rubutu a fayil na rubutu zalla, wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa ko bayan shekara 20.

Kammalawa

Mun ga cewa shafin intanet a uwar garke yake zaune, kuma hanyar zuwa gare ta ita ce take ba mazaunin karkara wahala. Mun ga ta hanyar lissafi cewa rubutu ba shi da nauyi, hoto ne mai cin data, kuma rage shi yana mai da minti 40 ya koma minti 2. Mun kuma ga cewa manhajar da ke cikin kwamfuta tana ba mutum ɗaya ikon riƙe shafuka da yawa da ɗan sabis kaɗan, da sharaɗin ya tsare makullai, ya duba kafin ya aika, ya kuma ajiye kwafi. Ɗalibin da ya ƙware a wannan tun yana sakandare a Toranke ko Ajingi ko Gaya, zai shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko wata makamanciyarta, yana riƙe da sana'ar da jama'arsa suke buƙata tun yanzu.

Aikin Aji

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin adireshin shafi da masaukinsa. Me zai faru idan wa'adin ɗaya ya ƙare?

2. Wani malami yana da hotuna 8, kowanne megabait 2.4. Saurin aikawa bit 160,000 ne a daƙiƙa. Minti nawa zai ɗauka? Idan ya rage kowane hoto zuwa kilobait 200, daƙiƙa nawa zai ɗauka?

3. Ƙirga bait ɗin da ke cikin kalmar ƙanƙara a tsarin UTF-8.

4. Ku kasu rukuni uku. Rukuni ɗaya ya zama uwar garke mai riƙe da sanarwa a kan allo, sauran biyun kowanne ya kwafe ta a takarda, ya yi gyaransa ba tare da sanin ɗayan ba, sannan su kawo ɗaya bayan ɗaya a maye gurbin abin da ke allo. Gyaran wa ya ɓace? Ku tsara ƙa'idar da za ta hana hakan.

Ga malamai: amsar tambaya ta 2 ita ce minti 16, sannan daƙiƙa 80. Amsar ta 3 ita ce bait 9, domin haruffa 7 ne, biyu daga ciki masu lanƙwasa. Tambaya ta 4 ba ta buƙatar kwamfuta ko wuta, allo da alli da takarda sun wadatar.